Ƙafar Baba da Motar da Na Saya Masa

Ni na saya wa Baba motar, kada a ɗora wa kowa laifin. Da kuɗina na saye ta, da hankalina, ba wanda ya sa ni dole. Ranar da aka shigo da ita unguwarmu Kusfa, cikin birnin Zariya, a farkon shekarun tamanin, har ƙwalla na yi don daɗi, ni a dole ɗan halak ya fitar da ubansa kunya.

Kafin zuwan motar, Baba bai san wani abu wai shi zama ba. Magatakarda ne a kotun alƙali, ya shekara talatin da 'yan kai yana rubuta rigimar gado da ta iyakar gona. Da hantsi zai saɓa babbar rigarsa ya bi lungu ya tafi kotu a ƙasa, ya dawo a ƙasa. Bayan la'asar ya rataya gafakar littattafansa ya nufi zauren malaminsa can wajen Ƙofar Gayan, don har ya yi furfura bai daina ɗaukar karatu ba. Ranar da babu kotu kuwa sai ya hau wani tsohon baƙin keke mai kukan tsiya ya tafi gonarsa a gindin dutsen Kufena. Da ya yi ritaya, kotun kawai ya cire, sauran yawon yana nan, har ma ya ƙaru da zuwa dubiya da sasanta 'yan'uwa. Siriri ne, busasshe, in yana tafiya ƙasan rigarsa har kaɗawa yake yi. Mu 'ya'yansa ba ma son rakiyarsa, don sai mutum ya yi ta gudu-gudu a bayansa.

Ni lokacin ina aiki a wata ma'aikata a Kaduna, an ƙara mini girma, ina da ofis mai fanka da labule, ga motar kaina. Wata Asabar na zo gida ɗaurin aure. Ina zaune cikin jama'a sai wani dattijo mai sayar da yadi, abokin Baba tun suna yara, ya amsa gaisuwata a daƙile, ya juya yana yi wa na kusa da shi magana, amma da ƙarfi yadda zan ji.

"Shekaranjiya na ga Malam da rana tsaka yana taka sayyada, gumi har gemu. Na ce oho, ashe haka 'yan boko suke. Ɗa a mota, uba a rana."

Aka yi dariya, irin ta ciki-ciki. Ni kuwa kamar an watsa mini ruwan zafi. Ko goron ɗaurin auren ban tsaya karɓa ba. Na koma Kaduna na ɗaure cikina, ko hula ban ƙara saya ba sai da na kawo wata farar mota, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau. Na samo direba, wani ɗan'uwanmu magidanci da ya gaji da tuƙin babbar mota. Keken ma ni da kaina na ɗauka na ba mai yi mana aikin gona, don kada Baba ya ƙara waiwayarsa.

Ni ɗan fari ne, saboda haka Baba ba ya kiran sunana, ba ya kuma kallona ido cikin ido. Inna ta ma fi shi wannan kunyar. Duk maganar da suke da ita da ni, Gwaggo suke gaya wa, ko da ina tsaye a wurin. Gwaggo yayar Baba ce, tana zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta, kuma bakinta ba shi da linzami. Ranar da aka kawo motar, Baba ya fito ya zagaya ta sau ɗaya, ya shafa ta da yatsa, ya koma ciki ya ce da Gwaggo, "A gaya wa mutumin Kaduna an gode, Allah ya yi albarka. Sai dai ban san inda zan je da ita ba."

Inda zai je bai yi wuyar samu ba, ai ko'ina ma da ita yake zuwa. A birni, in ɗanka ya saya maka mota aka gan ka a ƙasa, kai ka tozarta shi. Baba kuwa mutum ne mai kiyaye irin wannan. Lungunmu mota ba ta shiga, a bakin titi take kwana ƙarƙashin wata darbejiya, shi ke nan iyakar tafiyarsa ta zama daga zaure zuwa darbejiya. Zauren malaminsa ta lungu bai fi tafiyar minti goma sha biyar ba. A mota kuwa sai an fita titi, an zagayo, an tsaya wa awaki da masu tura ruwa, sai ya isa an riga an buɗe littafi. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Yakan zauna a baya, hannuwansa a kan gwiwa, kamar wanda za a kai shari'a.

Cikin shekara huɗu Baba ya yi ƙiba. Wuya ya cika, tumbi ya ɗan turo riga. Jama'a suka yi ta yaba mini. "Kai, Malam ya yi kyau, hutu ya karɓe shi. Allah ya ba mu 'ya'ya irinka." Ni kuma in sunkuyar da kai ina cewa ai ba komai, alhali kaina kamar ya fashe. Sai ƙishirwa ta fara damunsa, ya sha ruwa kamar raƙumi, buta ba ta hutawa. Daga nan ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa, babban yatsan ƙafarsa ta hagu ya ɗan fashe. Ciwon da da can toka da man kaɗanya sun ishe shi, sai ga shi wata biyu yana ruwa.

Na kai shi asibiti a wajen birni. Likitan matashi ne, shi ma ɗan cikin ganuwa, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba kafin ya zauna a kujerarsa. Ya gwada jini, ya duba yatsan, ya ce ciwon suga ne, kuma ya yi nisa. Ya ce wannan gyambon za su yi ƙoƙari ya warke. Amma in sugan bai sauka ba, na gaba ba zai warke ba, kuma a nan sai dai a yanke ƙafar. Haka ya faɗa, bai ɓoye ba. Ya rubuta magani, ya hana abin zaƙi, ya ce da zarar yatsan ya rufe, tafiyar awa guda kullum, da sauri, har sai an yi gumi.

"Allah gafarta Malam, da can da me ake zuwa aiki?"

"Da ƙafa," in ji Baba.

"Gona fa?"

"Da keke."

"To me ya hana yanzu?"

Baba ya juyo ya dube ni, dubawa ɗaya, ya mayar da idonsa kan bango. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Garin neman gira ina shirin rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba.

Yatsan ya warke. Na sayo masa takalmin kambas kamar yadda likita ya ce, Gwaggo ta dube shi ta ce, "To, saura ƙwallo." Na ɗauki hutun mako guda don in ga an fara. Ranar farko Baba ya fito da hantsi, babbar riga a sama, kambas a ƙasa, ya wuce darbejiya da motar da direban, ya miƙe titi. Ni ina biye daga nesa.

Bai kai famfon unguwa ba wani malamin firamare ya taka birkin babur ɗinsa har yana neman faɗuwa.

"Subhanallahi! Allah gafarta Malam, ina motar?"

"Tana nan lafiya lau."

"To a hau in kai Malam."

"Na gode, tafiya nake son yi."

"Zuwa ina?"

"Ba ko'ina."

Nan fa ake yin ta. A birnin Zariya ba a tafiya ba ko'ina. Mai tafiya ba ko'ina, ko dai taɓin hankali ne, ko wani tashin hankali ya koro shi daga gida. Malamin firamare ya rasa yadda zai yi, ba zai iya wucewa a kan babur ya bar dattijo a ƙasa ba, sai ya sauka ya kama tura babur ɗin a bayan Baba. Can wani mai keke ya gan su, shi ma ya sauka. Kowane zaure aka zo wucewa sai an taso, an durƙusa, an tambayi gida da iyali da gajiya da sanyin jiya, sannan a ce ai kuwa Malam ba zai wuce bai shiga ya sa albarka ba. In ya shiga a kawo fura, kuma don girmamawa a zuba mata sukari har cokali ya tsaya. Ƙin sha cin fuska ne. A awa gudar nan Baba ya yi tafiyar da da can yake yi cikin minti goma, ya sha fura sau biyu, ya dawo gida da mutum biyar a bayansa da goro cike da aljihu.

Na ce da Gwaggo, abin ai mai sauƙi ne, ya gaya musu likita ne ya sa shi. Ta harare ni.

"Kai dai boko ya cinye maka kai. Dattijo ne zai tsaya a titi yana tallar ciwonsa? Kuma ya ce in ya faɗa, tambaya ta gaba ita ce me ya kawo ciwon. Ya ce ba za a ji a bakinsa cewa motar ɗansa ce ta zaunar da shi ba."

Na fita zaure na zauna ni kaɗai. Kunya ta ishe ni, haushi ya ishe ni, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa in ba ni ba.

Kwana huɗu ya yi yana gwadawa. Lokacin kuwa ana ta sallamar ma'aikata daga aikin gwamnati, sai labari ya zaga cewa abin ya faɗa kaina, an kore ni, shi ya sa nake zaune a gida, motar ma an sa ta a kasuwa, Malam yana koya wa ƙafarsa wahala tun da wuri. A rana ta biyar sai ga dattijon nan mai yadi, shi dai wanda ya fara kunna wutar, ya zo da buhun masara a bayan wani mai kura. Ya ja Baba gefe, murya ƙasa-ƙasa, ya ce duniya ce, kowa da ranarsa, kada a ji komai. Baba ya yi godiya, don mayar da kyauta ya fi karɓarta muni. Da mutumin ya tafi ya cire kambas ya tura ƙarƙashin gado. Masarar kuwa mun ci tuwonta har ta ƙare.

Sai na kawo dabara irin ta ma'aikata. Tunda cikin ganuwa an san shi, a fitar da shi inda ba a san shi ba. Direba ya riƙa kai shi gindin Kufena, ya sauka ya yi tafiyarsa a hanyar gonaki, in ya gama a dawo da shi. Ranar Asabar ta farko ni na raka su. Baba ya sauka ya miƙi hanya, ni na kwantar da kujera na buɗe jarida, ina ɓare dafaffiyar gyaɗa. Ko a mafarki ban yi tunanin in sauka in bi shi ba. Ai ni lafiyata ƙalau, tafiya magani ce, kuma ba ni aka rubuta wa ba.

Ban gama shafin farko ba manoma suka kewaye mu. Sun ga farar mota a tsaye, sun ga dattijo ya bar ta yana tafiya, sun gama lissafi. Kafin direba ya buɗe baki mutum shida sun dafa bayanta suna cewa a sa giya. Ya rantse musu lafiyarta lau, suka ce ai haka direbobi suke cewa. Ana cikin haka na hango mai yi mana aikin gona ya taso daga bukkarsa a guje, a kan tsohon keken nan mai kukan tsiya, ya cim ma Baba, ya sauka ya durƙusa, yana roƙonsa don girman Allah ya hau ya ƙarasa da shi. Baba ya tsaya yana kallon kekensa, ya daɗe yana kallo.

Duk da haka an ɗan jima ana zuwa Kufena, har manoman suka saba, suka yanke hukuncin cewa wani wuridi ne Malam yake yi wanda ba a yin sa a zaune. Abin da ya kashe dabarar wahalar fetur ce. Direba ya yi kwana biyu a layin gidan mai, ya dawo idanu jawur da rabin tanki. Baba ya ce da Gwaggo, "A gaya wa mutumin Kaduna a bar wannan. Magidanci ya bar iyalinsa kwana biyu yana bin layi don wani ya samu ya yi tafiya a ƙasa? Shekara talatin ina kotu ban rubuta irin wannan ba."

Muka koma asibiti, suga yana nan inda yake. Baba ya ce tafin ƙafarsa ta hagu ya fara yi masa kamar auduga yake takawa. Likita ya soka masa tsinke a yatsa, bai ji ba. Likitan ya ajiye tsinken, ya dube ni. A hanyar dawowa na riƙa satar kallon ƙafar nan a ƙasan riga, ina auna inda za a yanke.

Bayan haka da 'yan kwanaki wani tsohon baduku maƙwabcinmu ya rasu. Tun zuwan motar, in an yi rasuwa Baba yakan yi sallar gawa ne, sannan direba ya zagaya da shi ya tari jama'a a maƙabarta. Ranar babu ko ɗigon mai a tanki. Da aka sallace, aka ɗaga makara, sai kawai ya bi. Wanda ya taɓa rakiyar gawa a birni ya san ba tafiyar wasa ba ce. Da sauri ake yi, kusan sassarfa, ana karɓa-karɓar makara, a bi lungu, a fita ƙofar gari, a miƙe har maƙabarta a bayan ganuwa. Ba mai gaida wani. Masu babur su kauce su kashe inji. Na zaure su miƙe tsaye, wasu su shigo sahu. In an gama a juyo tare a ƙasa zuwa gidan mamaci, a yi addu'a, a watse, ba fura ba sukari.

Gwaggo ta ce ya shigo gida riga sharkaf, yana haki, amma fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka. Ya zauna ya sha ruwa ya ce, "Yau na yi tafiya. Ba wanda ya ce in hau. Ba wanda ya tambaye ni ina za ni, kowa ya san inda za mu."

Shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama. Kambas ya fito daga ƙarƙashin gado. Kullum in an idar da sallar asuba Baba zai matsa kusa da ladan ya tambaya ko an ji rasuwa. Ya ƙulla abota da masu haƙar kabari, su suke aiko masa da labarin unguwannin nesa. Birni kuwa babba ne, da wuya rana ta fito ta faɗi ba a kai wani ba. Wanda ya sani da wanda bai sani ba, duk ɗaya. Ran da aka yi biyu, ya yi biyu. Ran da ba a yi ba sai ya yini yana kai da kawowa a tsakar gida, yana yi wa kaji tsawa. Gwaggo ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Kai kaɗai ne a garin nan kake ɓata rai don ba a mutu ba."

Tumbin ya koma inda ya fito. Bayan wata shida likita ya duba takardar gwaji, ya sake dubawa, ya soka tsinke, Baba ya janye ƙafa ya ce, "Kai, yaro, a hankali." Likita ya yi dariya har da tafi, ya tambaya wane irin motsa jiki ake yi haka.

"Rakiya," in ji Baba.

A gari kuwa labari ya sake juyawa. Yanzu cewa ake Malam ya saki duniya. Ga mota a ƙofar gida, ga direba, amma ya zaɓi ya bi bayin Allah a ƙasa zuwa gidansu na gaskiya. Masu wa'azi suka fara misali da shi ba tare da kama suna ba. Mata suka riƙa aiko da jarirai ya tofa musu addu'a. Mai yadi ya tare ni a masallacin Juma'a ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce in yafe masa, ashe ubana ya fi ƙarfin mota. Na ce ba komai. Motar ta koma kai mata biki da awo.

Ni abin dariya yake ba ni, shi kuwa ashe yana cin sa. Wata rana da yamma na same shi a zaure shi kaɗai, na gaishe shi zan wuce, sai ya yi gyaran murya. Bai aika a kira Gwaggo ba. Yana kallon bango ya yi magana, kuma a iya sanina ranar ce kaɗai ya nemi ra'ayina a kan wani abu.

"Mutum ne ya fita don ƙafarsa. Ya dawo ana cewa don Allah ya fita, ya yi shiru. Wa ya cuta, mutane ko mamacin ko kansa?"

Na daburce. Na ce, "Baba, ai duka alheri ne."

"Alƙali ba ya karɓar irin wannan amsa," ya ce. Ya ɗauki carbinsa, na gane an sallame ni.

Shi ya yanke wa kansa hukunci. Daga lokacin, in rasuwa biyu ta haɗu, ta mai jama'a da ta marar kowa, ta marar kowa yake zuwa. Baƙon da ya mutu a ɗakin haya, tsohuwar da 'ya'yanta suka yi nisa, ɗan ƙauyen da ciwo ya kawo birni. Kuma ya daina tsayawa a baya, yakan sa kafaɗa ya ɗauki makara, da furfurarsa da komai, in an zo karɓa ya ce a bari tukuna. Ya ce da Gwaggo in niyyar ta gurgunce, to kafaɗar dai ta yi aikin gaskiya.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a haka. Ƙafar nan ko ƙurji ba ta ƙara yi ba. Ni kuma a shekarun na ƙara samun girma, na canza mota sau biyu, na samu masinja mai ɗauko mini fayil daga tebur zuwa tebur. Tela ya riƙa ƙara mini yadi, ana cewa kujera ta karɓe ni.

A ƙarshen shekarun casa'in Baba ya yi zazzaɓin kwana uku, ya cika da safe. Aka yi mini waya, na taso daga Kaduna, na iso an gama wanka an sa shi a likkafani. Ban taɓa ganin jama'a irin ta ranar ba. Titi ya cika, lunguna sun cika, mutanen da ba mu taɓa gani ba, wasu da kayan aikinsu a jiki. A lokacin masu hali sun fara sa makara a bayan a-kori-kura, wani ma ya kawo tasa, amma Gwaggo ta aiko daga cikin gida cewa Malam ya bar wasiyya, a kafaɗa za a kai shi.

Aka yi salla bayan azahar, aka ɗaga. Ni na kama gaban makara ta dama, matsayina ne. Ban yi taku hamsin ba kafaɗata ta fara rawa, wani ya karɓe ni. Na ce to, in bi a baya kaɗan in huta. Jama'ar nan kuwa tafiyar Baba suke yi, irin wadda suka saba yi tare da shi. Kafin mu kai Ƙofar Gayan numfashina ya sarƙe, takalmi sau-ciki ya ci mini dunduniya, gumi ya rufe mini ido. Ina ganin makarar tana nisa a saman kawuna, tana ƙanƙancewa. Tsofaffi masu shekara saba'in suna wuce ni, ba mai waiwaye. Ƙirjina ya riƙe kamar an ɗaure da igiya. Na dafa bango, daga nan na zauna a dakalin wani gida, ni ɗan fari, ina haki kamar tunkiyar da aka koro. Na yi kuka a wurin, kuma ba kukan rashin uba kaɗai ba ne.

Da na samu na lallaɓa na isa, an riga an jera itace an mayar da ƙasa, ana yayyafa ruwa. Baffana, ƙanen Baba, ya matso ya ce an yi ta cigiyar babban ɗansa ya shiga ya karɓe shi, har sau uku, ga rana, ba a jinkirta gawa. Ko dubana bai yi ba.

Wani mutum ya taso daga bakin kabarin, ƙasa har gwiwar wandonsa, hannuwansa duk baƙin mai. Ban san shi ba. Ya durƙusa ya yi mini ta'aziyya, ya ce shi mai gyaran keke ne, baƙo ne a garin. Shekara shida da suka wuce mahaifiyarsa ta rasu a ɗakin da yake haya, su huɗu ne kawai a kan gawar, ba mai karɓar makara in ɗaya ya gaji, sai ga wani dattijo da takalmin 'yan ƙwallo ya sa kafaɗa, bai sauke ba har maƙabarta.

"Da aka yi ta kira ba a gan ka ba, Alhaji, sai na shiga. Ka yafe mini. Ni na karɓe shi ta wajen ƙafafu."

Ina da abubuwa da yawa da ya kamata in ce masa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Duka biyun?"

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi baffana, kamar yana tambaya ko zafin rana ne ya taɓa ni.

"Duka biyun mana, Alhaji," ya ce.